Jan Jak a Zauren Malam Hayatu

Akwai wani mahauci a Garwa, can unguwar Yelwa, ana ce masa Salmanu. Duk wanda ya taɓa ratsa layin mahauta a babbar kasuwa, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Gwani ne a sana'arsa, wannan kam ba mai ƙwace masa. Zai dubi bijimi yana tsaye ya faɗi nauyin namansa, in aka yanka aka ɗora a sikeli da ƙyar a ga bambanci.

To, baiwar nan ce ta zame masa ciwo. Tun da mutane suka fara cewa idon Salmanu sikeli ne, sai ya ɗauka babu abin da idon nan ba zai auna ba a duniya. Ka ba shi shawara, kafin ka rufe baki ya ce, "Na gani ai." Ko abin da bai taɓa gani ba, shi dai ya gani ai.

Gidan da yake zaune na mahaifinsa ne, Malam Hayatu. Dattijon ya yi shekaru yana karantar da Alƙur'ani, har ciwon ido ya zo ya rufe masa gani shekara goma sha biyar da suka wuce. Ɗalibai suka watse, littattafai suka koma cikin akwati. Abu ɗaya ne ya rage masa, kuma ya riƙe shi gam: zuwa masallaci da ƙafarsa, ba sanda, ba mai ja.

Daga ɗakinsa zai ratsa tsakar gida, ya shiga zaure, ya ɗora tafin hannunsa a bango ya bi shi har bakin ƙofa. Daga nan taku arba'in da biyu ne zuwa masallaci. Sau biyar a rana, ko ana ruwa ko ana rana. Har bangon ya yi wani dogon layi baƙi mai santsi, daidai inda hannun ke bi. Gidan kuwa ba shi da wata ƙofa sai ta zauren nan.

In wani ya yi karambanin kama masa hannu, sai ya zame a hankali ya ce, "Bar ni, ɗana. Ranar da aka fara ja na, ranar na tsufa."

Ana nan sai Salmanu ya sayi wani ƙaton babur baƙi a hannun wani injiniya da ya gama aiki zai bar gari. Ba irin ƙananan nan da ake haya da su ba ne. Wannan in ya tashi, awakin unguwa sai sun ba da hanya. Nauyinsa kuwa, a faɗar Salmanu da kansa, na ɗan bijimi ne. Ya so babur ɗin nan so na fitar hankali. Matarsa Karimatu har zolayarsa take yi, wai da babur yana cin tuwo, da ita da yunwa za ta riƙa kwana.

Da damina ta kankama, hanyoyin kasuwannin shanu suka koma taɓo. Salmanu ya ce ba zai tsoma wannan cikin laka ba, tsohon ƙaramin babur ɗinsa ya ci gaba da shan wahala. Babban zai huta a zaure har ruwa ya ɗauke. Sai dai in an yi ruwa mai ƙarfi yakan ɗan leƙo cikin zauren, kuma an gaya masa taya in ta daɗe a ƙasa tsagewa take yi. Ga shi ya rantse babu makanikin da zai ƙara taɓa masa shi, juyen mai da gyaran sarƙa duk da hannunsa zai yi.

Sai ya yanke shawarar sayen jak, abin ɗaga babur, wanda mu a nan muka fi sani da kirik.

Ya je shagon Christian, wani mutumin Kayele da ya shekara ashirin yana sayar da kayan babur yana kuma gyara. Christian ya fito da jak biyu ya dire a gabansa.

Na farko baƙi ne, gajere, mai faɗin ƙafafu, ba kyan gani. Da hannu ake murɗa shi, yana tashi a hankali har mutum ya yi zufa. Na biyu ja ne sai ƙyalli yake, da mai yake aiki. Ka taka feda sau shida, babur ya yi sama.

"Patron, kafin ka zaɓa, gaya min abu biyu," in ji Christian, da yake haka yake cewa maigida. "Moto ɗin, babur ɗin naka, awa ɗaya zai yi a sama, ko wata uku? Kuma inda za ka sa shi, mutane suna wucewa?"

Salmanu ya yi dariya. "Sayayya na zo, ko komisariya na shigo wajen 'yan sanda?"

"In ajiya ce, ɗauki baƙin. Zare ne da shi irin na noti, ba mai ba. Inda ka bar shi, nan za ka same shi ko baɗi ne."

Salmanu ya ɗan shuri baƙin da ƙafa. "Wannan ai murhu ya fi shi kyau. Babur irin nawa a kan wannan? Kawo jan."

Christian ya yi ajiyar zuciya. "To. Zai ɗauka, ban ce ba zai ɗauka ba. Amma saurara da kyau." Ya sunkuya ya zaro wata sandar ƙarfe daga gefen jak ɗin. Tsawonta bai kai kamu ba, kaurinta kamar babban yatsa, an ɗaure ta da 'yar sarƙa. "Wannan ita ce sakata. Man da ke ciki, ɗagawa kawai ya iya, bai iya riƙewa ba. Da zafin Garwa, robar ciki tana gajiya, mai yana zurara kaɗan kaɗan, ba ka gani, ba ka ji. In ka ɗaga, ka zura sakata a wannan ramin. Ita ke riƙe moto. Sannan ka ɗaure shi hagu da dama a jikin kirik ɗin, ba a wani wuri ba."

"Na gani ai."

"Ko dubawa ba ka yi ba, patron."

"Christian, ni da nake rataye sa guda da igiya ɗaya, ni za ka koya wa ɗauri?"

Ya ɗauki jan jak ya tafi da shi.

A gida ya jera babur ɗin a jikin bangon da ke kallon bangon Baba. Zauren ba shi da faɗi, tsakanin hannun babur da bangon Malam Hayatu hanyar mutum ɗaya ce ta rage. Ya taka feda sau shida, babur ya tashi yana ƙyalli, duk mai wucewa a layi sai ya leƙo. Daman abin da Salmanu ke so ke nan.

Da aka zo ɗauri, sai hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya jefa igiya ta saman azara, ya ɗaure hannun babur na gefen bango, ya ja ta ta yi tsam, yadda ake rataye nama a mayanka.

Sannan ya ɗauko sakata zai zura. Tana shiga tafinsa ya tsaya. Mahauci ya san ƙarfe mai kyau ko a duhu, ga shi a satin nan ƙarfen washinsa ya ɓata. Ya zaro wuƙa ya goga mata sau biyu, ya gwada a gashin hannunsa, gashi ya zube.

Ya dubi babur. Ya girgiza shi, ko motsi bai yi ba.

"Ga mai a ƙasa, ga igiya a sama," ya ce wa kansa. "Sakatar me kuma?"

Ya murɗe 'yar sarƙar har ta tsinke, ya jefa ƙarfen cikin jakar wuƙaƙensa. Jama'a, ku riƙe wannan wurin.

Da magariba Malam Hayatu ya shigo zaure yana bin bangonsa, sai kafaɗarsa ta gogi wani abu mai sanyi. Ya tsaya ya shafa.

"Salmanu, me ka rataye min a hanya?"

"Babur ne, Baba. Na ɗaga shi saboda ruwa."

Dattijon ya ƙara shafa hannun babur ɗin, ya shafa kafaɗarsa. "Daidai kafaɗata ya zo. To, Allah Ya tsare."

Daga ranar, duk wucewar da zai yi sai ya taɓa shi da bayan hannu, don ya san inda yake.

Bayan sati biyu, ya kira ɗansa bayan la'asar.

"Abin nan naka sauka yake yi."

"Sauka zuwa ina, Baba?"

"Ran da ka sa shi a kafaɗata yake. Yau a ƙirjina na same shi. Ni dai na san ban ƙara tsawo ba."

Salmanu ya ƙyalƙyale da dariya. Ya je ya tsaya ya ƙare wa babur kallo da idon nan nasa, bai ga komai ba. Amma don a rabu lafiya ya taka feda. Sau biyu ta tafi fayau, ba nauyi, sai a na uku ta kama. Ya yi kamar bai lura ba. Babur ya koma sama.

"Ga shi nan ya koma, Baba."

"In ya koma, ashe da ya sauka ke nan," in ji dattijon.

Abin da ke faruwa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Jak yana sauka a hankali, igiya kuma ta riƙe gefen bango a sama. Sai babur ya riƙa karkatowa ta ɗaya gefen, wato ta hanyar Baba, nauyinsa yana barin jak yana komawa kan igiya.

Wata safiya Karimatu tana shara ta ga wani baƙin tabo a ƙarƙashin jak, faɗinsa kamar tafin hannu. Ta nuna wa mijinta. Ya ɗebo toka ya zuba a kai, ya ce ta daina sa ido a abin da ba na mata ba, kuma kada ya ji ta taɓa fedar nan. Washegari tokar ta jiƙe.

Akwai wata kyanwa da ke kwana ƙarƙashin babur ɗin tun ranar da aka ɗaga shi. A sati na huɗu ta daina. Ko zauren za ta ratsa, sai ta bi ta jikin bangon Baba a guje.

Shi kuwa Malam Hayatu ya ce igiyar kuka take yi. "Da rana tsaka, in gida ya yi shiru, ina jin ta daga ɗakina. Kamar ana jawo guga mai nauyi."

"Kunnenka ne, Baba."

"Kunnen nan shi ya rage min, Salmanu. Bai taɓa yi min ƙarya ba."

Da farko sai bayan sati biyu ake taka feda. Ya koma bayan sati, ya koma bayan kwana uku. Daga baya ya zama kullum safiya, in Salmanu zai fita sai ya ba ta taku biyar ko shida ya wuce, ko tsayawa ba ya yi. Ya mai da abin kamar rufe ƙofa. Wuƙaƙensa kuwa sun yi kaifin da duk layin ake magana, yana ta cika baki wai ya samo ƙarfen da ba a sayarwa a kasuwa.

Ran wata Asabar Christian ya zo sayen nama. Yana tsaye Salmanu ya ɗauko ƙarfen ya fara washi. Christian ya ƙura masa ido, ya ga guntun sarƙa yana lilo a gindinsa.

"Patron, wannan sakatar kirik ce."

"Da ce. Yanzu ta sami aikin yi."

"Moto yana ƙasa?"

"Yana sama yana hutawa."

"Tun yaushe?"

"Sati biyar ke nan."

Fuskar Christian ta canza. "Akwai mai bi ta wurin?"

"Babana. Kuma ko da ba ya gani, bai taɓa tuntuɓe ba."

"Je gida yanzu, don Allah. Ko ka ba ni ita in je in sa da kaina. Minti biyar ne."

Da su biyu ne kaɗai, wataƙila da Salmanu ya miƙa. Zancen ya shige shi, don ya tuna tokar nan da ke jiƙewa kullum. Amma mahautan layi sun tsai da aiki suna kallo, masu saye ma sun juyo. Sai ya ɗaga murya.

"Ku ji min mutumin nan! Ya sayar min da kaya, yanzu ya biyo ni kasuwa zai karɓe rabi!"

Aka fashe da dariya. Christian bai yi ba. Ya bar naman a kan tebur, ya ce, "Lambata tana wayarka. Ko wane lokaci ne, kira ni in zo in sauke shi." Ya juya ya tafi.

Ran Laraba Salmanu ya shirya zai tafi Adumri, ya kwana can don ya riski kasuwar shanu ta Alhamis da wuri. Yana fitowa da ƙaramin babur, Malam Hayatu ya kama hannun rigarsa. Bai saba yin haka ba.

"Sauke shi ƙasa kafin ka tafi."

"Baba, in na sauke ruwa zai taɓa shi. Gobe da yamma ina nan."

"Yau da asuba a nan na same shi." Ya nuna ƙasan haƙarƙarinsa. "Salmanu, ban taɓa roƙonka komai ba a kan hanyar nan. Ita kaɗai gare ni."

Salmanu ya ji kunya, amma sai kunyar ta fito masa a haushi. Ya tattaka feda har sau tara, babur ya yi sama. "Ga shi har ya wuce kafaɗarka. Sai na dawo."

Ya zame rigarsa daga hannun mahaifinsa ya tafi.

Washegari bayan azahar, a Adumri, ya gama zaɓen shanunsa ya zauna gindin wata bishiya. Abokan tafiya suka sayo nama suka ce gwani ya yanyanka musu. Ya zaro ƙarfen zai yi washi, sai guntun sarƙar ya karce masa yatsa. Ya tsaya yana kallon jinin.

Nan ya tuna. Tun jiya da safe babu wanda ya taka feda. Kwana goma ke nan jak ɗin bai taɓa yin yini biyu ba a taka shi ba.

Ya kira Karimatu.

"Baba ya je azahar?"

"Ya je ya dawo. Amma maigida, a karkace ya wuce, bayansa na gogar bango. Ya ce hannun babur ɗin a ƙugunsa yake. Igiyar kuma ta fara tsinkewa sili sili, ga zaren nan a ƙasa ina gani."

"Je ki taka fedar."

"Na taka ɗazu, ka yi haƙuri. Ba ta kamawa. Mai ya malalo har bakin ƙofa."

"Ki ce wa Baba ya yi la'asar a gida."

"Na faɗa masa. Ya ce shekara goma sha biyar makanta ba ta hana shi masallaci ba, babur ba zai hana shi ba. Ya ce da sauri da sauri yake wucewa, haka yake yi tun jiya."

Salmanu ya katse wayar. Ya nemo lambar Christian, ga ta nan a gabansa. Daga shagon Christian zuwa gidan tafiyar minti goma ce. Yatsansa yana kai, dannawa kawai ya rage.

Sai ya tuna dariyar ran Asabar. Ya ga gobe layin mahauta duk an ji cewa gwani ya kira mai kirik yana roƙo. Ko maƙwabci ya kira, labarin ɗaya ne. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya auna ta da idon nan nasa, ya ce, "Zan isa kafin la'asar."

Ya mai da waya aljihu. Wallahi duk labarin nan, nan wurin ya fi ƙona min rai.

Ya bar shanu a hannun abokansa ya hau ƙaramin babur. Tafiya ta yi tafiya, sai ya tarar da wani rafi da jiya ya wuce shi a bushe, yau ya cika yana ambaliya, an yi ruwa a kan duwatsu. Mutane sun yi cirko cirko a baki suna jira. Ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Sau biyu ya taɓa aljihunsa, sau biyu ya janye hannu, yana ce wa kansa yanzu ruwan zai ja.

Ruwan ya ja, amma sai da ya ci masa fiye da rabin awa. Aka haɗu aka tsallakar da baburan. Ya wuce garin Pitowa ko birki bai taka ba.

Yana shiga Garwa masallatai suka fara kiran la'asar, wannan na ɗauka wancan na amsawa. Ya kai bakin layinsu muryar Bobbo, ladanin masallacinsu, tana kan ƙarshen kira. Ya yar da babur a tsakiyar hanya ya ruga.

Daga bakin ƙofa ya hango su. Ƙaton babur ya karkato kan hanya, igiyar da ke riƙe da shi ta koma 'yan silili. Ga Malam Hayatu a karkace, bayansa a bango, yana sauri irin na wanda ya san abin da ke kansa. Ya riga ya kai tsakiyar babur ɗin. Taku biyu suka rage masa ya fita.

Da Salmanu ya yi shiru, da tsohon ya wuce. Amma tsoro ya riga hankali fita daga bakinsa.

"Baba, tsaya!"

Malam Hayatu ya tsaya cak. Bai tambayi dalili ba. Ya juyo da fuskarsa wajen muryar, har da ɗan murmushi.

"Salmanu? Ka dawo?"

Igiya ta tsinke.

Sai da mutum huɗu suka taru kafin aka ɗaga babur ɗin daga kansa. Dattijon bai yi ihu ba, salati kawai yake yi a hankali. Aka kwashe shi zuwa lopital, wato asibiti. Likita ya ce ƙashin ƙugu ya karye wuri biyu, kuma a shekarunsa, ko ya haɗu ba zai ƙara ɗaukar sa ba.

Kwana biyu bayan nan Bobbo ya zo dubiya. Salmanu yana zaune a ƙasa wajen ƙafar gadon, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Malam," in ji Bobbo, "an ce har ka kusa fita. Me ya tsayar da kai a wurin?"

"Ɗana ne ya ce in tsaya."

Haka kawai ya faɗa, babu zargi a muryarsa ko kaɗan. Salmanu ya tashi ya fita baranda, ya durƙusa, ƙato da shi, ya yi kuka a gaban mutane har ya shiɗe. Sati shida mahaifinsa yana yi masa magana, bai ji ko sau ɗaya ba. Shi sau ɗaya ya yi magana, tsohon ya ji nan take.

Da yamma Christian ya zo gidan. Bai ce na gaya maka ba. Ya miƙa hannu kawai, Salmanu ya zaro ƙarfen daga jakar wuƙaƙe ya ba shi. Christian ya ɗaga saman jak ɗin da hannu, ya zura sakata a raminta, ta shige ƙwas. Ya hau kai da duk nauyinsa, ya yi tsalle. Ko gezau.

Duka aikin bai kai numfashi uku ba.

"Sannu, patron," ya ce. "Yaya jikin Baba?"

Salmanu ya rabu da babur ɗin a satin, ko waiwayarsa bai yi ba da aka tura shi waje. Kuma tun daga ranar babu wanda ya ƙara jin "na gani ai" a bakinsa.

Bayan wata huɗu aka ce Malam Hayatu zai iya zama. Abin da ya fara tambaya shi ne masallaci. Salmanu ya durƙusa a gaban gadon ya juya masa baya. Dattijon ya daɗe bai motsa ba, sannan ya ɗora hannuwansa a kafaɗun ɗansa.

Da suka shiga zaure, sai ya miƙa hannu yana laluben bangonsa. Salmanu ya matsa kusa har tafin ya sauka a kan baƙin layin nan. Suna zuwa daidai wurin, ya ji tsohon ya takure jikinsa a bayansa, alhali babu komai a zauren sai iska.

Suka fita. Salmanu yana jin leɓɓan mahaifinsa suna motsi kusa da kunnensa, ya ɗauka tasbihi yake yi. Ashe taku yake ƙirgawa. A ƙofar masallaci ya ce, "Naka talatin da biyar ne. Nawa arba'in da biyu ne."

Salmanu ya tsaya a bakin ƙofar.

Dattijon ya ɗan bubbuga kafaɗarsa, kamar shi ne mai lallashi. "Shigar da ni, ɗana. Yau kam na tsufa."

Darasi: In wanda ya san aiki ya ce maka ga abin da ke riƙe kaya, kada ka cire shi don idonka ya ga kamar ba ya aikin komai. In na kusa da kai ya ce abu yana lalacewa, tashi ka gyara a ranar, kada ka rufe da toka. Kuma in ka gane ka yi kuskure, kira wanda zai taimaka nan take, ko da za a yi maka dariya. Dariyar mutane ta yini ɗaya ce, amma girman kai sau da yawa ba a kan mai shi yake faɗawa ba, a kan wanda ya fi yarda da shi yake faɗawa. Ku tura wa duk mai babur, da duk wanda ke da tsoho a gida yana yi masa magana ba ya ji.